Yadda Fara Ke Rikiɗewa Ta Zama Ɗango

Wani malamin firamare da ke noma a yankin Tanut, arewa da Damagaram, ya aiko da tambaya mai rassa uku. Ya ce tun yana yaro yake kamun fara a gona ana soyawa, amma a daminar 2004 ya ga wata fara da ta tare hasken rana, ta sauka a kan gero da ciyawa, kafin gari ya waye ta bar kara tsirara. Yana so ya san ko farar da ya saba gani ce ta yi yawa, ko kuwa wata halitta ce dabam, daga ina take tasowa, kuma ta yaya ƙwaron da bai wuce tsawon yatsa ba yake keta sahara.

Malam, amsar reshen farko e ce kuma a'a ce, ba kuwa zille maka nake yi ba. A'a, domin mafi yawan farar da kake kamawa a gona ba za ta taɓa haɗa runduna ba, ko da ta cika gonar maƙil. Fara iri-iri ce, dubbai a duniya, kuma waɗanda ke iya taruwa su tashi tare ba su wuce iri 20 ba. Babe da sauran manyan farin da mata ke tsinta da asuba a ƙarshen damina suna cin amfanin gona, wata shekarar ma su yi ɓarna ba kaɗan ba, amma kowace kiwon kanta take yi. E kuma, domin wadda ka gani a 2004, wadda masana ke kira Schistocerca gregaria, mu kuma muke cewa farar sahara ko farin ɗango, rayuwa iri biyu gare ta. A yawancin shekaru tana nan arewa da ku, launinta na ƙasa, tana gudun 'yar'uwarta, ba ta tashi sai dare ya yi. In ka gan ta a gindin tsiro ba za ka sake waiwayarta ba. Ita ɗin ce dai ke rikiɗewa.

Masana ma sun daɗe cikin wannan ruɗani. Har zuwa farkon ƙarni na 20 ana lissafa mai kaɗaici da mai runduna a matsayin jinsi biyu, kowace da sunanta. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Boris Uvarov, wanda ya yi aikin fara a kudancin ƙasarsu kafin ya koma Landan, shi ne a 1921 ya nuna cewa jinsi ɗaya ne mai kama biyu. A kan farar ƙaura ta can ya fara gano haka, daga baya aka tabbatar da shi a kan ta sahara. Da wannan aka warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai, wato inda fara ke ɓuya tsakanin annoba da annoba. Ashe tana nan a gaban idon kowa, riga kawai ta canja.

Ruwan sama ne ke kunna wutar, janyewarsa kuma ita ke hura ta. Idan aka yi ruwa mai kyau a filayen Tamesna ko a kwarurrukan Azbin, can arewacin Nijar, tsidau da sauran tsiron sahara sukan fito ko'ina, fara mai kaɗaici ta samu abinci da damshin yin ƙwai, ta hayayyafa a warwatse. Har nan babu matsala. Sai ruwa ya ɗauke, fili ya fara bushewa, kore ya rage sai a kwari da gindin duwatsu. Yunwa ta tilasta wa dubban farin da ba sa son juna su taru a 'yan wuraren da suka rage. Suna cin ganye ɗaya, suna hawa reshe ɗaya, suna gogar juna.

Wannan gogayyar ita ce mabuɗin, kuma an san ainihin inda makullin yake a jikinta. A jami'ar Oksfod, Stephen Simpson da abokan aikinsa sun ɗauki ɗan burushin fenti suna shafa sassa dabam-dabam na jikin fara mai kaɗaici, 'yan daƙiƙu a kowane minti, tsawon 'yan awanni. An shafa kai, an shafa fiffike, an shafa ciki, babu wani canji na a zo a gani. Da aka shafa gefen waje na cinyar ƙafar baya, wannan mai kaurin da take tsalle da ita, sai farar ta sauya hali. Ta daina gudun sauran, ta koma neman su, tana yawan motsi. An bayyana wannan a 2001. In ka duba, akwai hikima a wurin da aka ajiye makullin. Fara tana taɓa ganye da kanta da ƙafafunta na gaba kullum, ko ita kaɗai ce a daji, amma da wuya a riƙa taɓa mata gefen cinya sai in wata farar ce ke matse ta. Gani da jin warin 'yan'uwa idan suka haɗu su ma suna yin wannan aikin, sai dai kowanne shi kaɗai ba ya isa.

A 2009 masana daga Oksfod da Kambirij suka gano abin da ke faruwa a ciki. Fara tana da ƙulle-ƙullen jijiyoyi a ƙirjinta waɗanda ke juya ƙafafu da fukafukai, kusan a ce ƙananan ƙwaƙwalwa ne. Cikin kamar awa biyu na cunkoso, wani sinadari mai suna sirotonin, wanda akwai irinsa a ƙwaƙwalwar ɗan'adam, yakan ninka kusan sau uku a waɗannan ƙulle-ƙulle. Da aka toshe aikinsa da magani, fara ta ƙi sauyawa duk da cunkoso. Da aka ɗura mata shi, ta sauya ba tare da ta ga kowa ba.

Hali ne ke fara canjawa, cikin awanni. Launi yana biyo baya idan ta yi saɓa. Ƙaramar fara mai kaɗaici koriya ce ko launin ƙasa, don ɓuya daga tsuntsaye. Ta runduna baƙa ce da ɗorawa, ana hango ta daga nesa, kuma tana cin wasu tsire-tsire masu guba da mai kaɗaici ke ƙyama, ta yadda launin ya zama gargaɗi ga mai son cin ta. Siffar jiki kuwa sai an yi haihuwa biyu ko uku kafin ta gama sauyawa. Ƙwaƙwalwar ta runduna ta fi ta mai kaɗaici girma da kusan kashi 30 cikin 100. Abin da ya fi ba ni mamaki har yau shi ne uwa tana gadar wa 'ya'yanta halin da ta tsinci kanta a ciki. Idan a cunkoso ta yi ƙwai, 'ya'yan za su ƙyanƙyashe da duhun launi da son taro tun ranar farko. Hanyar kuma tana komawa baya: in runduna ta watse, zuriyarta takan koma kaɗaici sannu a hankali.

Wurin yin ƙwai sai ka ga abin kallo. Macen takan tsira ƙarshen cikinta a yashi tana gwada damshi, in ya yi mata sai ta miƙa cikin, ya ninka tsawonsa, har ya kai zurfin santimita 10 zuwa 15. Nan take zuba ƙwai masu kama da ƙwayar shinkafa, ta toshe ramin da wani kumfa da ke daskarewa, wanda ke tsare damshi, kuma ta cikinsa 'ya'yan za su fito. Mai kaɗaici takan zuba sama da 90 a rami guda, ta runduna ba ta cika kai 80 ba, amma nata sun fi girma. A zafin damina, kamar mako biyu ya isa su ƙyanƙyashe. Ƙwan farar sahara ba ya iya jiran wata damina a busasshiyar ƙasa. Riƙe wannan a ranka, Malam, domin shi ne dalilin duk yawon da take yi.

Abin da ke fitowa daga ƙwan ba shi da fiffike, kuma manoma da yawa wannan matakin suke nufi in sun ce ɗango. Suna haɗuwa su yi shimfiɗa a ƙasa, suna tafiya fuska ɗaya kamar malalar ruwa, ɗaruruwan mitoci a yini, manyansu har fiye da kilomita guda. Wani bincike na 2008 ya nuna cewa cin naman juna yana cikin abin da ke kora su gaba, don wadda ta tsaya ta bayanta za ta gatsa ta, musamman in suna ƙarancin gishiri da abinci mai gina jiki. Tun da ƙwaro ƙashinsa a waje yake, ɓawo ne mai tauri da ba ya miƙewa, dole ta tuɓe shi kafin ta ƙara girma. Sau biyar take wannan saɓa cikin kwana 30 zuwa 40. A ta ƙarshe takan rataye a reshe kanta ƙasa, ɓawon ya tsage ta baya, ta zaro jikinta, ta tura jini cikin jijiyoyin fukafukan da ke cukurkuɗe har su miƙe. Sai an yi kwanaki kafin su yi ƙwarin doguwar tafiya. A wannan lokaci launinta ja-ja ne mai haske, kuma ita ce mafi haɗari, don ba ta da aiki sai ci da tashi. In ta balaga sai ta koma ɗorawa, musamman namijin.

Yanzu ga batun tashi. Kama fara ɗaya ka duba ta da kyau. Jikinta kashi uku ne kamar na kowane ƙwaro: kai, ƙirji da ciki. Ƙafafu shida duk a ƙirji suke, haka ma fukafukai huɗu. Na gaban siriri ne mai ɗan tauri kamar busasshen ganye, shi ne murfi in ta sauka. Ɗaga shi za ka ga na baya a naɗe kamar mafici, faffaɗa, shara-shara, kuma shi ke ɗaukar mafi yawan nauyinta a sama. Kowane rukunin ƙwari da yadda ya sarrafa waɗannan huɗun. Buzuzu ya mayar da na gabansa garkuwa mai tauri. Ƙuda da sauro biyu kawai suke tashi da su, na bayansu sun zama 'yan ƙananan sanduna masu kai kamar tabarya, waɗanda ke gaya musu in jikinsu ya karkata. Zuma da zanzaro suna sarƙe na gaba da na baya da 'yan ƙugiyoyi su zama kamar ɗaya. Shinge kuwa, da ke fitowa daga suri bayan ruwan farko, tashi ɗaya yake yi a rayuwarsa ya karya fukafukan ya zubar.

A fiffike babu tsoka ko ɗaya. Duk injin yana cikin ƙirji, shi ya sa in ka ɓare soyayyiyar fara a nan kake samun nama. Fara tana kaɗa fiffike kusan sau 20 a daƙiƙa, kowane bugu da umarninsa daga jijiya. Zuma tana yin sama da 200, sauro ɗaruruwa fiye da haka, shi ne kukan da ke hana ka barci. Su tsokarsu wata iri ce, umarni ɗaya ake ba ta ta yi ta karkarwa da kanta, ƙirjin yana lotsawa yana dawowa. Tsarin fara tsoho ne, ba ta iya tsayawa cak a iska kamar zuma a bakin fure, amma ya dace da matafiyi mai dogon zango. A gindin fiffikenta akwai wani abu mai kama da roba, ana ce masa resilin, wanda masanin Denmak Torkel Weis-Fogh ya gano yana nazarin tashin fara. Yana adana ƙarfin kowane bugu ya mayar da shi a na gaba, kusan ba tare da asara ba. Tsallenta ma dabarar adana ƙarfi ce. Takan naɗe ƙafar baya, ta ɗaure tsokar cinya kamar rabin daƙiƙa har wani ɓangare na gwiwa ya lanƙwashe kamar bakan maharbi, sannan ta saki. Da ƙafafunta sun rabu da ƙasa, iska kuma ta bugi wasu 'yan gashi da ke goshinta, fukafukai sun kama aiki ke nan. Na sha nuna wa ɗalibai wannan: ka riƙe ta ta baya, ƙafafu a sake, ka hura mata iska a fuska, sai ta hau tashi a hannunka.

Ba ta da huhu, kuma jininta ba ya ɗaukar iska. Dubi gefen cikinta za ka ga 'yan huji a jere, goma ne a kowane gefe in an haɗa da na ƙirji. Daga nan bututu ke shiga, suna rarrabuwa kamar saiwar itace har su kai cikin tsokar kanta. Akwai kuma jakunkunan iska da ke matsewa suna buɗewa kamar zugazugin maƙeri, kuma motsin ƙirji lokacin tashi shi kansa yana zuga su. Hujin suna da marufi, tana rufe su don kada ruwan jikinta ya ƙafe, kashinta ma a bushe take fitar da shi. Man tafiya kuwa iri biyu ne. Da sukarin jini take tashi, bayan kamar rabin awa sai jikinta ya juya ga kitsen da ta tara, wanda ya fi ƙarfi a kan nauyi kaɗan, kuma ƙona shi yana samar mata da ruwa. Shi ya sa sabuwar fara ja-ja take ci kamar ba gobe, guzuri take haɗawa. Kunnenta, in kana nema, ba a kai yake ba, yana gefen ciki daidai gindin ƙafar baya, wata 'yar fata ce a shimfiɗe kamar ta kalangu. A bayan kowane ido kuma akwai wata babbar jijiya da aikinta kawai shi ne gane abin da ke tunkaro ta da sauri. Ita ke sa kamun fara da rana wuya, kuma masu ƙera na'urorin hana karo sun yi nazarinta sosai.

Duk da wannan shiri, ƙarfinta shi kaɗai ba zai kai ta Maroko ba. Gudunta bai wuce kilomita 16 zuwa 19 a awa ba. Iska ce jirginta. Runduna takan kwana a kan itatuwa, da safe ta sauko ta sha hantsi, domin tsokarta ba ta aiki sai ta ɗumama, sannan ta tashi ta bi inda iska ta nufa har faɗuwar rana. A haka takan ci kilomita 100 zuwa 150 a yini. Mutum zai ce bin iska ai tafiyar makaho ce. To amma masanin Ingila Reginald Rainey ya nuna a 1951 cewa iskoki suna kwarara ne zuwa inda suke haɗuwa, kuma inda suka haɗu nan ake ruwa. A wajenmu, layin da busasshiyar iskar arewa ke karo da iskar damina mai tasowa daga teku shi ke hawa arewa daga bazara zuwa Agusta, ya sake gangarowa. Farar da ta bi iska za ta tsinci kanta inda ƙasa ke da damshi, wato inda ƙwanta zai rayu. Don haka take da zango-zango: damina a Muritaniya, arewacin Mali, Nijar, Chadi da Sudan, lokacin sanyi a gaɓar Bahar Maliya, bazara kuma a kudancin duwatsun Atlas na Maroko da Aljeriya. In kowane zango ya samu ruwa, kowace haihuwa, wato kusan kowane wata uku, tana iya ninka yawansu sau 20. Wata uku sau 20, wata shida sau 400, wata tara sau 8,000.

Haka aka yi a wadda ta same ku. Daminar 2003 ta yi kyau, fara ta hayayyafa a Muritaniya, Mali, Nijar da Sudan a lokaci guda. A watan Oktoba na shekarar aka tafka ruwa na kwana biyu daga Senegal har Maroko, a wuraren da kan shekara ba su ga kamarsa ba. Ta samu wurin haihuwa duk tsawon sanyi da bazara a arewa maso yammacin Afirka, sannan daga tsakiyar 2004 iska ta juyo da ita kudu. Kafin ƙarshen shekarar wasu rundunonin sun kai Alƙahira. An yi feshi a kan hekta kusan miliyan 13, an kashe fiye da dala miliyan 400, kuma tsananin sanyin da aka yi a yankin Atlas ya taimaka wajen karya ta. Murabba'in kilomita ɗaya na runduna yana ɗauke da fara miliyan 40 zuwa 80, kowace nauyinta kamar giram 2, kowace kuma tana iya cin nauyinta a yini. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kiyasta cewa irin wannan ƙaramar runduna tana cin abin da mutum 35,000 za su ci a rana. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dai ina da ra'ayi a kan yunwar 2005 a Nijar. An ɗora wa fara laifin da ya fi nata. Inda ta sauka, kamar wajenku, ta gama da mutane, kuma makiyaya sun rasa ciyawa. Amma a faɗin ƙasa ɗaukewar ruwa da wuri da tashin farashin hatsi sun fi ta illa, shi ya sa yunwar ta yi tsanani har a sassan Maraɗi da ake noma sosai. Ɓarnar fara kamar gobara take, ta cinye gida ɗaya ƙurmus ta tsallake na kusa da shi.

Bin iska yana kai ta ga halaka ma. A Oktoban 1988 iska ta kwashi rundunoni daga Afirka ta Yamma ta tsallaka da su tekun Atlantika har tsibiran Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000. Waɗanda suka isa ba su kafa zuriya ba, waɗanda suka faɗa teku kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu. Annobar fara ta 2019 zuwa 2021 kuma daga hamadar kudancin ƙasar Larabawa ta taso, bayan guguwar teku biyu, Mekunu a Mayun 2018 da Luban a Oktoba, sun zubar da ruwa a wurin da babu mai zuwa dubawa. Haihuwa uku aka yi babu wanda ya sani. Ta bi ta Yaman ta shiga Habasha da Somaliya, a farkon 2020 Kenya ta ga abin da ba ta gani ba cikin shekara 70, har da runduna mai tsawon kilomita 60 da faɗin 40.

Wanda ya fahimci wannan rayuwa ya san inda ya kamata a tare ta. Jirgin feshi a kan runduna mai tashi aiki ne na bayan ɓarna, ga tsada. Wurin aiki shi ne waɗancan 'yan korayen kwari, a makonnin da fara mai kaɗaici ta fara matsuwa. Cibiyar yaƙi da fara ta Nijar tana tura ayari daga Agadas zuwa Tamesna da Azbin a kowace damina, suna ƙidaya fara, suna duba damshin ƙasa, suna aika bayani ta tauraron ɗan'adam zuwa ofishin FAO a birnin Rum na Italiya. Abu biyu ke kawo cikas. Na farko rashin tsaro, wanda ya hana shiga wurare da yawa, musamman arewacin Mali tun 2012. Na biyu halin gwamnatoci, da shekaru suka wuce babu annoba sai a manta da motoci da ma'aikata. Akwai kuma maganin da ba guba ba, wata funfuna mai suna Metarhizium acridum da ake sayarwa da sunan Green Muscle, wadda aka gwada a Nijar. Fara da danginta take kamawa, ba ta taɓa tsuntsu ko dabba. Aibinta jinkiri, takan ɗauki mako ɗaya zuwa uku, kuma farar da ta kamu takan yi ta shan rana don ta ɗaga zafin jikinta ta rage wa cutar ƙarfi. Ga 'yan ɗango marasa fiffike a nesa da gonaki ta dace ƙwarai.

Kai da ke bakin sahara, idonka da na makiyayan da kuke hulɗa da su yana da amfani. Fara ɗaya-ɗaya launin ƙasa ba abin tayar da hankali ba ce. Abin kai rahoto ga malaman gona shi ne 'yan fara baƙaƙe da ɗorawa a dunƙule suna tafiya fuska ɗaya, ko manya ɗorawa suna barbara suna tsira ciki a yashi. In ka ga na biyun, sa alama a wurin ka riƙe ranar, don bayan mako biyu nan za su fito. Ƙaramin gungu na marasa fiffike ana iya haƙa masa rami a gabansa a kora shi ciki a binne. Kiɗan garwa da hayaƙi kuwa gonar maƙwabci kawai suke tura ta.

Wadda ta fi damun manomin gero shekara da shekara, daga Damagaram har Katsina da Borno, wata ce dabam, ƙarama, Oedaleus senegalensis. Ita ƙwanta yana kwana a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko, sai 'ya'yan su fito daidai lokacin da shuka ta tsiro su cinye ta, a ƙarshen damina kuma manyan su gangaro kudu su faɗa wa zangarniya tana madara. Sau da yawa in an ce fara ta sauka a arewacin Nijeriya, ita ce ko wata 'yar'uwarta, ba ta sahara ba.

Batun ci kuma, halal ce, hadisi ya ambace ta tare da kifi cikin mushe biyu da aka halatta, kuma abinci ce mai gina jiki, kasuwarta na ci daga Yamai har Maiduguri. Masu kamu suna fita da asuba ne saboda dalilin da na faɗa, sanyi ya ɗaure mata tsoka ba ta iya tashi. Wannan ya ba ka ma'auni. Farar da ka tarar da rana tsaka tana tangaɗi, ko ta zube a gindin itace alhali gari da zafi, magani ta sha. Kada a tsince ta, kada a bar kaji su ci, a kuma janye dabbobi daga wannan makiyaya har kwanakin da masu feshin suka faɗa su cika.